Wa Ya Taka Filin Yau da Safe? Tarihin Saukar Ƙananan Jirage a Kan Ciyawa

Da safiyar 15 ga Yuni 1919 wasu Turawan Birtaniya biyu, John Alcock da Arthur Brown, suka ɓullo daga cikin gajimare a gaɓar yammacin ƙasar Ailan, bayan sun shafe kimanin awa 16 a sama. Daga St John's suka taso, a tsibirin Newfoundland, suka ƙetare Tekun Atlantika ba tare da yada zango ba, tafiyar fiye da kilomita 3,000 da babu wanda ya taɓa yin ta kafinsu. Hazo da ƙanƙara da duhun dare duk sun gwada su, ba su kayar da su ba. Abin da ya kayar da su wani fili ne kore shar, shimfiɗaɗɗe, kusa da tashar wayar iska ta kamfanin Marconi da ke gefen garin Clifden. Daga sama Alcock ya ɗauka makiyaya ce mai tauri. Ma'aikatan tashar suka fito suna ɗaga hannuwa don su hana shi sauka, shi kuwa ya zaci maraba ake yi masa. Ashe kallon kitse yake yi wa rogo, wurin fadama ce mai taɓo, sunanta Derrygimlagh. Tayoyin suka ɗan gangara kaɗan sai suka nutse, jirgin ya kafa hanci cikin laka, wutsiya ta kalli sama. Da yake da sauran shan ruwansu a gaba, suka fito da ƙafafunsu, har suka je suka karɓi kyautar fam 10,000 da jaridar Daily Mail ta sa.

Wannan saukar ta haura shekara ɗari, amma mai karanta rahotannin haɗarin ƙananan jirage zai ga kamar jiya aka yi ta. Ga matuƙi gwani, ga jirgi lafiyayye, ga fili mai kyau a ido, ga kuma mutane a ƙasa da suka san gaskiyar filin, sai dai saninsu bai kai ga wanda ke sama ba. Abin da nake so in kafa a nan shi ne, mafi yawan haɗarin sauka a filin ciyawa daga wannan giɓin yake tasowa, giɓin da ke tsakanin halin da ƙasa ta wayi gari a ciki da abin da matuƙi ya sani game da ita. Titin kwalta gini ne, a yi shi a gama, jiya da yau kusan duk ɗaya. Filin ciyawa kuwa aiki ne da ba ya ƙarewa. Ruwan dare ɗaya yana sauya shi, haka gara, haka gafiya, haka kofaton shanu. Saboda haka tarihinsa tarihin masu taka shi da ƙafa ne, kuma duk inda aka sallami waɗannan mutane, ko aka daina saurarensu, jirage kan fara kifewa, sannan a rubuta a takarda cewa laifin matuƙi ne.

A kan ciyawa jirgin sama ya yi rarrafe. Gaskiya ne Wilbur da Orville Wright sun fara tashi ne a kan rairayin Kitty Hawk a Disamba 1903, amma inda suka koyi juyawa da zagayawa da dawowa gida shi ne wata makiyayar shanu mai suna Huffman Prairie, kusa da garin Dayton a jihar Ohio ta Amurka, a 1904 da 1905. Mai wurin, wani ma'aikacin banki, ya ba su aro, da sharaɗin su riƙa kore shanu da dawakai gefe kafin su tashi. Wato tun ranar farko, aikin tuƙi yana tafiya ne tare da aikin duba fili, kuma mutum ɗaya ne ke yin su duka. Louis Blériot ma, da ya ƙetare mashigin ruwan da ke tsakanin Faransa da Ingila ranar 25 ga Yuli 1909, bai sauka a inda ya ga dama ba. Wani ɗan jaridar Faransa, Charles Fontaine, ya riga shi zuwa Dover, ya zaɓi wata makiyaya kusa da tsohuwar ganuwar garin, ya tsaya yana kaɗa tutar ƙasarsu. Iska ta murɗa jirgin, ya faɗo da ƙarfi a kan gangara, ƙafafunsa suka karye, farfela ta ragargaje, amma Blériot ya sauko da ransa a wurin da wani ya riga ya taka ya gani. Shekara goma ke tsakaninsa da Alcock, kuma babban bambancinsu shi ne ɗaya ya fahimci ishara daga ƙasa, ɗaya bai fahimta ba.

Jiragen wancan zamanin an ƙera su ne don ciyawa, har ana iya cewa filin wani ɓangare ne na jirgin. Manyan tayoyi biyu ne a gaba, ba su da birki. A wutsiya babu taya, sai wata sanda mai takalmin ƙarfe da ke kartar ƙasa kamar garma, kuma ita ce ke rage gudu, ita ce ke riƙe jirgin a kan layi. A kan siminti wannan sandar santsi kawai take yi, ba ta da amfani. Jirgin Tiger Moth, wanda ya fara tashi a 1931 kuma dubban matuƙan Yaƙin Duniya na Biyu suka koyi tuƙi a cikinsa, haka aka ƙera na Ingila, ba birki. Irin wannan ƙira tana da hali guda mai haɗari: nauyin jirgin yana bayan manyan tayoyin, don haka da zarar ya ɗan karkace yana gudu a ƙasa, wutsiya kan nemi ta wuce gaba, jirgin ya yi katantanwa a wuri ɗaya, fiffike ya daki ƙasa. Maganin da mutanen da suka samu mai sauƙi ne. Filin jirgi a wurinsu ba dogon siririn titi ba ne. Faffaɗan fili ne, murabba'i ko da'ira, ta yadda ko ta ina iska ta taso matuƙi zai fuskance ta ya sauka, ba ruwansa da iskar gefe. Haka Le Bourget na Faris yake lokacin da Charles Lindbergh ya sauka a cikinsa a Mayu 1927, haka Croydon na Landan. Irin waɗannan filaye kuma suna da ma'aikata na dindindin, masu yanka ciyawa, masu haƙa magudanar ruwa, masu cike ramuka, masu shimfiɗa alama a ƙasa don na sama ya ga inda zai fuskanta da inda zai guje wa. A wasu wurare har tumaki ake saki su riƙa rage tsayin ciyawa.

Nauyi ne ya raba manyan jirage da ciyawa. Da jiragen fasinja suka ƙara girma a shekarun 1930, sai ƙasa ta fara gazawa. Filin Gatwick na Ingila, da aka buɗe masa sabon gini a 1936, ya jiƙe sharkaf a hunturun da ya biyo baya, har kamfanin da ke zaune a cikinsa ya kwashe ya koma wani wurin a 1937. Yaƙi ya ƙarasa abin da ya rage. Jiragen da ke ɗaukar bama-bamai ba sa iya tashi daga caɓi, don haka daga 1942 Birtaniya ta tsayar da tsarin fili mai tituna uku na siminti, babban mai tsayin yadi 2,000, ƙananan biyu yadi 1,400 kowanne, an gitta su don a samu wanda ya dace da iska. Bayan yaƙi kuɗi da ma'aikata da hankalin hukuma duk suka bi kwalta. Abin da aka bar wa ƙananan jirage shi ne ɗan siririn yanki a gefen gona, ko a bayan asibitin mishan, ko a kan kafaɗar dutse. A nan ne ya kamata a lura da abin da aka yi asara. Ciyawar tana nan yadda take. Abubuwa biyun da ke sa sauka a kanta ta zama lafiya su ne suka tafi, wato faɗin da ke ba matuƙi zaɓin fuska, da ma'aikatan da ke kwana su tashi da filin.

Shi ma jirgin ya sauya kama. A 1956 kamfanin Cessna ya fito da samfurin 172, mai taya a ƙarƙashin hanci maimakon a wutsiya, kuma ya zama jirgin da aka fi ƙerawa a tarihi, sama da 44,000. Wannan ƙirar ta kusa kawar da katantanwar nan, domin nauyi ya dawo gaban manyan tayoyi, jirgin yana neman miƙewa da kansa. A kan kwalta ni'ima ce. A ƙasa mai laushi kuwa sabuwar matsala ta shigo. Tayar hanci ƙarama ce, ƙafarta siririya, kuma idan aka taka birki nauyi kanta yake komawa. Ta faɗa rami ko ta nutse a laka, sai ƙafar ta lanƙwashe, farfela ta sari ƙasa, wani lokaci jirgin ya yi adungure ya kwanta rigingine. Ga kuma matuƙan da aka yaye a kan kwalta, waɗanda suka saba cewa titi yana nan yadda littafi ya faɗa.

Lissafin abin ba ɓoyayye ba ne. Hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Birtaniya ta daɗe tana raba wa matuƙan ƙananan jirage wata 'yar takarda mai ƙididdiga. Busasshiyar ciyawa da ba ta wuce santimita 20 ba tana ƙara kashi 15 cikin 100 a kan tazarar da jirgi ke bukata ya sauka ya tsaya. Jiƙaƙƙiya tana ƙara kashi 35. Idan gajeriya ce ƙwarai kuma jiƙaƙƙiya, santsinta kan kai ƙarin zuwa kashi 60, domin taya na zamewa a kanta ko an danne birki. Gangara ta mita 2 a kowane mita 100 tana ƙara kashi 10. Iska daga baya, idan ta kai kashi ɗaya cikin goma na gudun sauka, tana ƙara kashi 20. Kuma waɗannan ba tara su ake yi ba, ninka su ake yi a kan juna. A ɗauki jirgin da littafinsa ya ce mita 400 sun ishe shi. Raɓar asuba ta mayar da su 540. 'Yar gangarar da ido ba ya ko gani daga sama ta kai su 594. Iskar da ta juya baya ta kai su 713. Filin mai mita 600, wanda jiya da yamma ya ishe shi har da saura, yau da safe ya ƙare tun jirgin yana gudu, kuma abin da ke ƙarshensa shinge ne ko kwalbati. Duk cikin abubuwan nan uku babu wanda matuƙi zai iya aunawa da kyau daga sama. Kore ne kawai yake gani, kuma wurin da ya fi kore sau da yawa shi ne wurin da ya fi riƙe ruwa. Wanda ya taka filin da safe, takalminsa ya jiƙe, shi ya san amsar.

Shi ya sa rahotannin wata-wata na AAIB, hukumar binciken haɗarin jiragen sama ta Birtaniya, ke maimaita labari kusan iri ɗaya shekara da shekaru: an taɓa ƙasa nesa da bakin fili, an taka birki bai kama ba, an yi jinkirin fasa sauka, an ƙare cikin shinge. Ƙididdigar Amurka ma ta daɗe tana nuna cewa sauka ita ce matakin da ƙananan jirage suka fi yin haɗari a cikinsa, ko da yake kaɗan ne daga ciki ke cin rai, tunda gudun ya riga ya ragu. Wannan ne ma ya sa ake raina matsalar. A Ingila karyewar tayar hanci magana ce ta inshora da makanike. A ƙauyen da babu hanyar mota kuwa, jirgin da ya kife a tsakiyar fili ya rufe ƙofar garin ke nan, mai naƙuda da wanda maciji ya sara sai su jira.

Wurin da ya fi nuna wannan a fili shi ne Wau, a tsaunukan Niyu Gini. A 1926 aka gano zinariya mai yawa a rafin Edie Creek. Daga Salamaua da ke bakin teku zuwa can kimanin kilomita 50 ne idan aka miƙe, amma a ƙasa tafiyar fiye da mako guda ce cikin kurmi da hawa da gangara, kuma 'yan dako kan cinye kaso mai yawa na abincin da suka ɗauko tun kafin su isa. Wani tsohon jami'in mulki, Cecil Levien, ya sa aka share fili a gefen dutse a Wau, kuma a Afrilu 1927 matuƙi Ernest Mustar ya sauka a kansa da ƙaramin jirgi DH.37. Tafiyar mako ta koma ta kusan rabin awa. Daga 1931 jiragen Junkers G 31 suka riƙa kwasar manyan injinan haƙar zinariya gunduwa-gunduwa daga Lae zuwa Bulolo da ke kusa, aka harhaɗa su a can, har guda takwas, kuma a wasu shekarun wancan zamanin kayan da aka ɗauka ta sama a wannan lungun sun fi na manyan ƙasashen Turai. To ga yadda filin Wau yake. Ciyawa ce, tsayinsa kimanin kilomita 1, yana hawa da kusan mita 10 a kowane mita 100, kuma ƙarshensa na sama yana kallon dutsen Kaindi. Fuska ɗaya ake shiga, a sauka ana hawa, a tashi ana gangarowa, ko ta ina iska take. Wanda ya kusanto ya ga bai daidaita ba, ba shi da damar fasawa ya sake zagayowa, dutse ya tare gaba. Idan aka bi ma'aunin littafi, wannan wuri bai cancanci a kira shi filin jirgi ba.

Amma a kansa aka tsare garin a Yaƙin Duniya na Biyu. A ƙarshen Janairu 1943 sojojin Japan suka kusa isa bakin filin, gajimare kuma ya rufe tsaunuka ya hana kawo ɗauki. Ranar 29 ga wata gari ya buɗe, jiragen Dakota suka sauka sau 57 a wuni ɗaya, suka sauke sojojin Ostireliya sama da 800, wasu suna fitowa daga jirgi suna wucewa fagen daga. Washegari aka kawo igwa biyu a wargaje, aka haɗa su, suka fara aiki a ranar. An yi haɗurra a Wau, kafin yaƙi da lokacinsa, kuma ba mai musun haka. Abin lura shi ne fili mai wannan muni ya ɗauki zirga-zirga mai yawa haka shekara da shekaru. Dalili kuwa, muninsa sananne ne, ba ya sauyawa, kowane matuƙi ya san gangarar ya san dutsen. Abin da ke sauyawa, wato laushin ƙasa da tsayin ciyawa da ruwan da ke kwance, akwai masu kula da shi kullum, domin zinariya na biyan kuɗinsu, daga baya kuma soja. Fili mai wuya da aka sani ya fi fili mai sauƙi da aka yi watsi da shi aminci.

Mu ma nan ba baƙin wannan tarihi ba ne. Jiragen farko da suka sauka a Kano, ranar 1 ga Nuwamba 1925, guda uku ne samfurin DH.9A na sojan saman Birtaniya, ƙarƙashin Arthur Coningham, sun taso daga Helwan a Masar, kuma a filin sukuwa suka sauka. Ba su ratsa Sudan da yankin Tafkin Chadi da jarunta kaɗai ba. An riga an share musu wuraren sauka a kan hanya, an sare ƙaya, an rushe suri, an kai mai. Wannan hanyar ce kamfanin Imperial Airways ya bi daga Khartoum zuwa Kano a 1936, ita ce kuma ta zama hanyar Takoradi daga 1940, wadda jiragen yaƙi sama da 5,000 suka bi ta Legas da Kano da Maiduguri da Fort Lamy da El Fasher zuwa Masar. Duk manomin Borno ya san halin firki, da rani kamar dutse har yana tsagewa, da damina kuwa ya riƙe ƙafar raƙumi. Ya kuma san gara na iya tayar da suri cikin 'yan kwanaki a inda babu shi. Littattafan tarihi sun riƙe sunayen matuƙa, sun manta da waɗanda suka yi wannan aikin da fartanya da gatari.

A nan akwai ƙorafin da ya cancanci a tsaya a kansa. Wani zai ce, kana yabon zamanin da ake kula da filaye, alhali kulawar nan a kan wuyan talaka aka ɗora ta. Gaskiya ne. A Niyu Gini leburorin kwantiragi ne masu ɗan ƙaramin lada suka share Wau, kuma a ƙauyuka da dama jami'in mulkin mallaka ne ke umartar mutane su fito su yanke ciyawa, ko suna so ko ba sa so. A ƙasashenmu ma aikin tilas ba baƙon abu ba ne a wancan zamani. Ba na neman a koma can. Sai dai ƙorafin, in aka duba shi da kyau, ƙarfafa maganata yake yi. Ya nuna cewa amincin filin ciyawa bai taɓa zama kyauta ba, kullum wani ne ke biya da guminsa. Da mulkin mallaka ya kau, aka daina tilasta wa mutane, abin da ya kamata ya biyo baya shi ne a mayar da aikin sana'a mai albashi. A wurare da yawa ba a yi haka ba, sai aka bar shi ba mai shi.

Papuwa Niyu Gini ta sami 'yancin kai a 1975 da ɗaruruwan filayen karkara. A shekarun da suka biyo baya kuɗin kula da su ya riƙa yankewa, magudanai suka toshe, injin yankan ciyawa ya lalace ba kayan gyara, aladu suka tone ƙasa, filaye masu yawa suka rufe. Ƙungiyar jiragen mishan ta MAF, wadda ke aiki a ƙasar tun 1951 kuma tana sauka a filaye kimanin 200, ta ga abin da idonta. A Maris 2020 wani jirginta samfurin Cessna Caravan ya kife yana sauka a filin Yenkisa da ke lardin Enga, Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba. Matakin da ƙungiyar ta ɗauka bayan haka shi ne hujjar da ta fi kowace ƙarfi a wurina. Ba ta tsaya ga sake horar da matuƙa ba. Ta dakatar da sauka a filayen karkara, ta tura mutane su bi su ɗaya bayan ɗaya, suna auna tsayi da gangara, suna kafa sandar ƙarfe a ƙasa don su gane ƙarfinta a ƙarƙashin ciyawa, kuma ba a sake buɗe fili ba sai an auna shi. Tun 2013 ma aka kafa wata hukuma a ƙasar don filayen karkara kawai, wadda ke ɗaukar mutum daga cikin ƙauyen, ta koya masa aiki, ta ba shi injin yankan ciyawa, ya riƙa ba da rahoton halin fili. Bayan shekaru fiye da ɗari, an dawo kan aikin da Charles Fontaine ya yi a Dover da tutarsa.

Masu cewa a zuba kwalta kowa ya huta ba su yi lissafin wurin ba. Garin da babu hanyar da mota za ta kai buhun siminti, ta ina motar daɓe za ta shiga? Filin da jirgi ke sauka sau ɗaya ko biyu a mako kuma ba zai taɓa mayar da kuɗin ba. Ita kanta kwaltar tana bukatar kulawa, kuma wadda aka bari ta farfashe ta fi ciyawa haɗari, domin bakin raminta kaifi ne, tsakuwarta kuma tana cin farfela. Ciyawa tana da nata alheri: ba ta cin taya, tana yafe wa jirgin da ya sauka a ɗan karkace, saiwarta tana riƙe ƙasa a kan gangara lokacin ruwa, kuma mutanen gari na iya gyara ta da abin da ke hannunsu. Zaɓin gaskiya a irin waɗannan wurare tsakanin filin ciyawa mai mai kula ne da rashin fili gaba ɗaya.

Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne na masu cewa komai dai ya faru, matuƙi ne ya yanke shawarar sauka, doka ma a wuyansa ta ɗora alhaki. Ban musa ba. Akwai matuƙan da ke shigowa da gudu fiye da kima, akwai masu jin kunyar fasa sauka don mutane na kallo, akwai waɗanda ba su taɓa yin lissafin nan na ninkawa ba. Horo yana da muhimmanci, kuma ƙa'idar tsofaffin matuƙan daji tana nan daram: ka ratsa saman fili ƙasa-ƙasa ka duba, ka zaɓi wurin da in ba ka taɓa ƙasa ba kafinsa za ka fasa, kada kuma ka sake shawara idan ka iso wurin. Amma shawara ba ta fin labarin da aka gina ta a kai. Alcock ba rago ba ne, ba kuma sabon shiga ba ne, mutum ne da ya gama yin abin da ba a taɓa yi ba, kuma ya zaɓi wuri mafi kyau a cikin abin da idonsa ya nuna masa. Idan bincike ya tsaya a kan cewa matuƙi ya yi kuskure, bai tambayi yaushe aka yanke ciyawa ba, wa ya duba magudana, wa ya kamata ya kira ya ce yau kada a zo, to an bar jaki ana dukan taiki, kuma ramin yana nan yana jiran na gaba. Na'urorin zamani ma ba su cike wannan giɓin ba. Tauraron ɗan'adam zai kai jirgi daidai bakin fili ko cikin hazo, amma ba zai faɗi cewa an kwana ana ruwa ba. Jiragen daji na yanzu irin su Caravan da Kodiak sun fi na da ƙarfi, sun kuma fi su nauyi, ƙasar da ke ɗaukar ƙaramin jirgi mai kujera shida ba lallai ta ɗauke su ba. Na'urar da ta fi amfani a nan ita ce wayar salula ko rediyo a hannun wanda ke tsaye a filin.

Don haka duk gwamnatin jiha, ko asibiti, ko kamfanin noma da ke shirin share filin saukar ƙaramin jirgi a karkara, a Najeriya ko Nijar ko Chadi, kada ta ƙaddamar da shi sai ta rubuta albashin mai kula a cikin kasafin kowace shekara. A ɗauke shi daga mutanen garin, a koya masa auna laushin ƙasa, a ba shi waya da kayan yankan ciyawa, a kuma ba shi ikon ya ce yau fili a rufe yake, ko da gwamna ne a cikin jirgin.